Makaranta ta ce sai da katin rigakafi: me ya haɗa karatu da allura?

"Assalamu alaikum. Na kai 'yata mai shekara biyar wata makarantar kuɗi a nan Zariya za a sa ta a rabin aji, sai suka ce ba za su ɗauke ta ba sai na kawo katin rigakafinta. Katin ya ɓace tun lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Mahaifiyarta ta ce zuwa biyu ko uku aka yi aka daina, saboda zazzaɓin da yarinyar ta yi bayan allurar cinya. Amma duk zuwan da masu ɗigon shan inna suka yi gida, an ɗiga mata. Yarinya lafiyarta ƙalau. Ni dai ina ganin tilastawa ce kawai. In an yi wa sauran yaran, ina ruwansu da tawa? Me ya haɗa karatu da allura?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Abu uku na ji a cikin tambayarka: ko ɗigon da ake bi gida-gida ya wadatar, ko yaron da ba a yi wa rigakafi ba yana iya cutar da waɗanda aka yi wa, da kuma ko makaranta tana da hurumin tsayar da kai a bakin ƙofa. Na daɗe ina aiki a sashen awon yara da rigakafi, kuma ra'ayina tun daga farko shi ne makarantar ta yi daidai da ta nemi katin. Inda zan rabu da ita shi ne idan ta tsaya a kan "je ka dawo da kati" kawai, ba ta nuna maka hanyar da za a cike abin da ya kuɓuce wa yarinyar ba. Amfanin tambayar kati shi ne a gano yaron da aka tsallake a yi masa, ba a hana shi zama a aji ba.

Abin da ɗigon gida-gida bai yi mata ba

Ɗigon nan na baki da ake bi gida-gida ana yi, a shafa wa yaro shuɗin tawada a ɗan yatsa, cuta ɗaya tak yake karewa, wato shan inna. Ko sau ashirin aka ɗiga wa yarinya, bai taɓa ƙyanda ba, bai taɓa mashaƙo ba, bai taɓa sanƙarau ba. Iyaye da yawa suna haɗa su wuri guda, kuma ba na ganin laifinsu, domin shekara da shekaru shan inna kawai ake kawo musu har ƙofar ɗaki, sauran kuwa sai uwa ta goya ɗanta ta je asibiti ta bi layi.

Ga yadda jadawalin asibitin yake a Najeriya. Ranar haihuwa ko cikin kwanakin farko, ana yin allurar lamba a dantse ta tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna. A sati 6, sati 10 da sati 14 ana yin allurar cinya da muke kira penta, wadda ta haɗa cuta biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai jawo ciwon huhu da sanƙarau ga jarirai. Tare da ita akwai ta ciwon huhu, da ta shan inna ta allura, sannan tun 2022 an ƙara ɗigon gudawa. A wata 9 sai ƙyanda, shawara da sanƙarau. A wata 15 a sake ta ƙyanda karo na biyu.

To ka lissafa da kanka. In zuwa biyu ko uku aka yi da 'yarka, ta samu na haihuwa, da penta ɗaya ko biyu, shi ke nan. Ba ta kai ta ƙyanda ba, sai fa in an yi mata a wani gangami. Ta mashaƙo kuma rabi aka yi. Waɗannan biyun su ne suka fi yawo a cikin aji.

Dalilin da ya sa ake tsayawa a ƙofar makaranta

Yaro a gida yana cuɗanya da 'yan gidansu da na maƙwabta. Ranar da ya shiga makaranta kuwa, ya shiga ɗaki ɗaya da yara hamsin ko sittin daga unguwanni dabam-dabam, wuni guda suna shaƙar numfashin juna, suna shan ruwa a moɗa ɗaya, ɗaya ya yi tari a fuskar ɗaya. A lokacin sanyi da hazo har tagogi ake rufewa.

Cikin cututtukan da muka sani, kaɗan ne suka kai ƙyanda saurin yaɗuwa. Mai ita ɗaya yana iya sa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba su da kariya. Ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne yaro yana fara yaɗa ta kimanin kwana huɗu kafin ƙurajen su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce da jan ido. Kafin malamin aji ya gane ya ce a mayar da shi gida, aikin gama ya riga ya gama. Shi ya sa ba a iya tare ƙyanda da cewa "mara lafiya ya zauna a gida." Dole kariyar ta riga cutar isa ajin.

Nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Allurar ƙyanda da ake yi a wata 9 tana kamawa a jikin kimanin yara 85 cikin 100. Sauran an yi musu amma jikinsu bai ɗauka ba, shi ya sa ake maimaitawa. Ka ɗauki aji mai yara 60 da duk an yi musu sau ɗaya: kimanin tara daga cikinsu suna nan a buɗe, iyayensu kuma ba su sani ba, domin sun yi nasu. Da allura biyu kariyar takan kai kusan 97 cikin 100. Ban da waɗannan, akwai yaron da ake yi wa maganin ciwon daji ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, wanda likita da kansa zai hana a yi masa allurar ƙyanda. Akwai mai sikila da wanda tamowa ta taɓa, waɗanda cutar da wani zai kwanta kwana biyar ya tashi, su sai ta kai su gadon asibiti. Duk waɗannan, katangarsu ita ce yaran da ke zaune kusa da su. Masana sun ƙiyasta cewa sai an yi wa kimanin 95 cikin 100 allura biyu kafin ƙyanda ta rasa hanyar bi a cikin jama'a. Ka ga ratar da aka bari ƙarama ce, kuma waɗanda lalura ta hana su ne suka fi cancantar ta.

Akwai kuma wanda ba ya cikin ajin sam, kuma shi na fi tsoro wa: jaririn da ke goye a gida. Sau da yawa a wurin aiki, in aka kawo ɗan wata bakwai da ƙyanda, numfashi na sama-sama, ka tambayi uwa wa ya fara a gidan, sai ta ce yayansa ne ya kwaso daga makaranta. Yayan ya warke, ƙanin da bai kai lokacin allura ba shi ke shan wuya. Ƙyanda tana kawo ciwon huhu, gudawa mai tsanani, makanta ga yaron da ke da ƙarancin sinadarin bitamin A, wani lokaci har kumburin ƙwaƙwalwa. Bayan ta tafi kuma takan bar garkuwar jiki a raunane na tsawon watanni, har yaro ya riƙa kwasar cututtukan da a da ya fi ƙarfinsu. Iyayenmu mata da suke cewa yaro bai sake kumari ba tun da ya yi ƙyanda, gaskiya suka gani.

Mashaƙo ya ƙara fito da maganar fili. Da yawa cikin ma'aikatan lafiya na wannan zamani a takarda kawai suka san shi, sai ga shi ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya bazu zuwa Yobe, Katsina, Bauchi, Borno, Kaduna da wasu jihohi, har ya bayyana a yankin Matamaye na jihar Damagaram a Nijar cikin 2023. Alƙaluman hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya sun nuna fiye da mutum 1,000 sun rasu, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kamu yara ne 'yan shekara 1 zuwa 14, kuma mafi yawansu ba a kammala musu rigakafi ba. Wato yaran da aka tsallake suna jarirai, suka girma lafiya ƙalau kamar yadda ka ce game da taka, har ranar da cutar ta zo gari. Ciwon yakan fara kamar ciwon maƙogwaro, sai wata farar fata-fata ta rufe maƙoshi, wuya ya kumbura, dafin cutar ya taɓa zuciya. Maganin karya dafin kuwa ba a kowane asibiti ake samunsa ba. Kada kuma a ce abin na talakawa ne: a Maris na 2025 ya shiga makarantar kwana ta King's College a Legas, ɗalibi ɗan shekara 12 ya rasu, sai bayan nan aka bi ɗalibai da allura.

Ba a kanka aka fara ba

Sharaɗin rigakafi kafin shiga makaranta tsoho ne. Jihar Masacusets ta Amurka ta kafa shi tun 1855 saboda agana, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da halaccinsa a 1922, kuma zuwa farkon shekarun 1980 duk jihohinsu 50 suna da irin wannan doka. Bayan ƙyanda ta ɓarke daga wurin wasan yara na Disneyland, jihar Kalifoniya ta soke uzurin "ra'ayina bai yarda ba" a 2015, kuma adadin masu shiga makaranta da cikakken rigakafi ya haura 95 cikin 100. Italiya ta tsaurara tata dokar a 2017, Faransa ta mayar da allurai 11 wajibi ga yaran da aka haifa daga 2018, Jamus ta wajabta ta ƙyanda a 2020. Inda aka yi sake kuma an ga sakamako: Amurka ta sanar da kawar da ƙyanda a 2000, amma a 2025 ta ɓarke a yammacin jihar Teksas cikin al'ummar da yawancinsu ba sa yi, yara biyu 'yan makaranta suka rasu.

Mu ma nan mun san irin wannan sharaɗi. Duk wanda ya taɓa niyyar aikin Hajji ya san ba a hawa jirgi sai da katin allurar sanƙarau da shawara, domin Saudiyya ta ga abin da cunkoson jama'a ke haifarwa. Ban taɓa jin alhajin da ya ce an tauye masa haƙƙi ba. Aji ma taro ne, sai dai na yara. A ɓangaren doka kuwa, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗora wa iyaye alhakin kammala wa yaro rigakafi kafin ya cika shekara biyu, ko da yake kowace jiha sai ta zartar da tata.

Zazzaɓin da ya tsayar da ku, da zargin da ke bayansa

Maganar mahaifiyarta ita ce na fi ji a bakin mata: "Ya kwana yana kuka, cinya ta kumbura, babansa ya ce kar a sake kai shi." Penta tana sa zazzaɓi da kumburin wurin allura ga yara da yawa, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Alama ce jiki ya karɓi saƙon yana aiki. Farasitamol daidai nauyin yaro, nono, da tsumma mai sanyi a wurin sun isa. Laifinmu ma'aikata a nan shi ne yawan layi yakan sa a soka allura a ce "na gaba", ba a yi wa uwa bayanin abin da za ta gani da dare ba. Akwai illa mai tsanani, wato jiki ya yi mummunan bore nan take, amma kimanin sau ɗaya ne cikin allura miliyan, kuma saboda ita ake cewa a ɗan zauna a asibiti bayan an yi. Ƙurji mai ruwa a wurin allura kuwa yawanci daga hannun mai yi ne, a koma asibiti a nuna.

Ba zan ce zargin da mutanenmu ke yi ya faɗo daga sama ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Maganin warkarwa ne aka gwada, ba rigakafi ba, amma tabon ya shafi duk wani abu da aka ce kyauta ne daga waje. Da wannan tabon aka shiga 2003, lokacin da Kano da wasu jihohi suka dakatar da ɗigon shan inna bisa zargin yana hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, da maganin da aka kawo daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta gurgunta yara da yawa, ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. Da aka koma, sarakuna da malamai suka shigo ciki, aka daure har aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a Agustan 2020. Su kuma 'yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci, yau su ne ke cika mana benci ranar awo da goyonsu.

Inda na rabu da masu rufe ƙofa

Duk da abin da na faɗa, ba na goyon bayan a kori yaro daga karatu saboda kati, musamman a Arewa. Ƙasar da ke da yara sama da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun farko wajibi ne kuma kyauta, ba ta da halin ƙara wa iyaye dalilin barin yaro a gida. Uban da dama yake ɗari-ɗari da boko, in hedimasta ya ce masa sai da kati, juyawa zai yi, yarinya ta koma talla. An rasa karatun, an rasa allurar, kuma tana nan cikin unguwa tana wasa da yaran ajin da yamma.

Sannan ba kowane rashin kati ne ƙin yarda ba. Wata ta je sau biyu aka ce maganin ya ƙare, ko ba za a buɗe kwalbar ƙyanda don yaro ɗaya ba, ta dawo ranar kaza. Wata asibitin yana da nisa, kuɗin mota ya gagara. Wasu rashin tsaro ya raba su da garinsu, kati na cikin abin da aka bari. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ko penta ɗaya ba su samu ba, kimanin miliyan biyu, kuma galibinsu talauci da nisa ne suka hana su. Hukunta irin waɗannan iyaye zalunci ne.

Tsananin da ba hanya a cikinsa yana haifar da katin bogi. Na sha ganin kati sabo fil, an cike shi da biro ɗaya, rubutu ɗaya, tun daga allurar haihuwa har ta wata 15, ka san a zama ɗaya aka rubuta. Wannan ya fi rashin kati muni, domin makaranta za ta saki jiki, ranar da cuta ta ɓarke kuma ba za a nemi wannan yaron ba. A Kalifoniya ma da aka toshe uzurin ra'ayi, sai takardun uzurin likita suka yi yawa, har aka sake gyara dokar a 2019. Ingila kuwa ba ta wajabta ba sam, ta dogara da bibiya da tunatarwa.

Tsarin da na fi ganin ya dace da mu ya yi kama da na ƙasar Sin, wadda tun 2005 ta sa makarantu duba katin kowane sabon ɗalibi, wanda aka samu da giɓi a haɗa shi da asibiti a cike masa. A ɗauki yaro, a ba iyaye wa'adin zangon karatu ɗaya, makaranta ta gayyato ma'aikatan asibitin unguwa su zo da akwatin sanyinsu ranar da iyaye suka sani kuma suka amince. Kuma kada a tsaya a makarantun kuɗi, inda dama yawancin yaran an yi musu. Firamaren gwamnati, Islamiyya da tsangaya, inda almajirai ke kwana jiki da jiki, sun fi buƙata, kuma ba a shiga can sai ta hannun alaramma da mai unguwa.

Iyakar wannan dabara ita ce tana zuwa a makare. Ƙyanda da tarin shiƙa sun fi kisa kafin yaro ya kai shekarun makaranta, don haka duba kati a shekara biyar ko shida raga ce ta kama waɗanda suka zille, ba ta maye gurbin zuwa awo a kan lokaci ba. Amma tana da wani amfani na daban: kariyar mashaƙo tana raguwa da shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara allura tsakanin shekara 4 zuwa 7, daidai lokacin shiga makaranta.

Abin da za ka yi yanzu

Ka fara da asibitin da aka soma yi mata. Suna da rajistar da suke rubuta sunan yaro, na mahaifi da unguwa, in aka samu sai a sake mata kati daga ciki. In ba a samu ba, ku je asibitin matakin farko mafi kusa ranar rigakafi, kai da mahaifiyarta, ta faɗi iya abin da ta tuna: sau nawa, a cinya ko a dantse, tana wata nawa. Za a duba lamba a dantsenta. Ba a sake farawa daga farko don an daɗe, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, kuma in an yi shakka aka maimaita wadda aka riga aka yi, ba ta da illa. Wasu sun wuce ta, kamar ɗigon gudawa, amma ta ƙyanda, ta shawara da ta mashaƙo duk ana iya yi mata, sai dai ga yaro babba akan yi amfani da wadda ake kira Td maimakon penta. Wace za a fara da wace za ta biyo baya, wanda ya ga yarinyar ido da ido ne zai yanke, ni daga nesa ba zan tsara mata ba. Ka gaya musu in tana da sikila, ko tana shan wani magani na dogon lokaci, ko ta taɓa yin mummunan bore bayan allura. Mura ko ɗan zazzaɓi ba ya hanawa. A asibitin gwamnati kyauta ne, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya cike maka kati ba tare da allura ba, ka ƙi.

Ranar da aka yi mata ta farko za a ba ku kati mai kwanan watan dawowa. Ka kai wa hedimasta shi, ka ce an fara, ga ranar ta gaba, a bar ta ta shiga aji. Yawancin makarantu suna karɓa. Ka ɗauki hoton katin a wayarka kafin ya sake ɓata, kuma in tana da ƙanne, a tafi da su gaba ɗaya a duba nasu.